TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU ABDULLAHI ƊAN FODIYO, MAI GWANDU, DA HIDIMARSA GA LITTAFI

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya malamai magada Annabawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, al'ada ce a wannan taro na shekara-shekara da 'yan'uwa ke yi a Tudun Wada, Zariya, domin tunawa da Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.), a ware wasu shafuka don tarihin ɗaya daga cikin magabatan ɗariƙa. A bana an zaɓi Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Mujaddadi Shehu Usmanu kuma wazirinsa, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Jama'a da yawa sun san shi da jarunta a fagen fama da kuma sarautar Gwandu. Amma abin da ya fi cin rayuwarsa shi ne littafi: yadda ake karɓarsa daga malami, yadda ake gyara lafazinsa, da yadda ake fitar da ma'anarsa ba tare da an ɗora masa abin da bai faɗa ba. A kan wannan ɓangare wannan tarihi zai fi tsayawa.

Nasabarsa da Haihuwarsa

Shi ne Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ɗan Salihu ɗan Haruna. Nasabarsa tana tuƙewa ga Musa Jakollo, kakan Toronkawan da suka taso daga Futa Toro suka sauka a ƙasar Ƙonni. Kalmar Fodiyo da Fulatanci tana nufin malami masanin fiƙihu, kuma laƙabin mahaifinsa ne. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, ita ma 'yar gidan malamai ce. An haife shi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766, watau Shehu Usmanu ya girme shi da shekara 12. Ya tashi a Ɗagel cikin dangin da kawunnai da baffanni duk masu allo ne da littafi, saboda haka bai yi nisa da gida ba wajen samun malamansa na farko.

Karatunsa da Malamansa

Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, wanda ya zame masa uba da malami. A wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Mawaƙa Shida na zamanin Jahiliyya. A wurinsa ya ɗauki tauhidi daga littattafan Imam Sanusi, da nahawu daga Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada, da fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala. Shi ne kuma ya buɗe masa ƙofar tafsiri da ta tasawwufi.

Mai lura zai ga hikimar wannan jeri. An haɗa wa yaro waƙoƙin yabon Manzon Allah (S.A.W.) da waƙoƙin Larabawan farko, domin na farko su cika zuciyarsa da ƙauna, na biyu kuma su saba wa kunnensa da tsantsar Larabcin da Alƙur'ani ya sauka da shi. Wanda bai san yadda Balarabe ke amfani da kalma a cikin zancensa ba, zai iya fassara ta da abin da ba a nufa ba.

Daga nan ya zaga wurin malamai, kowane fanni ya nemi gwaninsa. Ya zurfafa a nahawu da sarfu, ya karanta balaga da manɗiƙi da arula, watau ilimin ma'aunin waƙa, ya kuma karanta usulul fiƙihi da ilimin hadisi. A shekara ta 1201 (1786) shi da Shehu suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ɗan'uwansu na jini wanda ya karɓo hadisi daga malaman Madina, suka saurari Sahihul Buhari, ya ba su ijaza. Haka nan sun ɗauki karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya karantar da Abdullahi usulu, ya kuma ba su iznin abin da ya ruwaito. Shi Malam Jibrilu a tafiyarsa ta Gabas ya sadu da Sayyid Murtala Zabidi a Alƙahira, mai babban ƙamus ɗin nan Tajul Arus, wanda kuma ya yi wa Ihya'u na Imam Gazali sharhi. Zabidi ya shahara da tara kwafe-kwafen littafi guda yana gwama su kafin ya amince da lafazi. Ta wannan hanya salsalar malaman Ɗagel ta haɗu da ta manyan masu tantance littafi na wancan ƙarni.

Tare da Shehu a Fagen Wa'azi

Shehu Usmanu ya fara kira a 1188 (1774), kuma da Abdullahi ya tasa sai ya zama abokin tafiyarsa a Kabi da Zamfara da Gobir. A lokacin rangadin Zamfara ne wani malami mai suna Musɗafa Gwani ya aiko wa Shehu waƙa yana sukar yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya umurci ƙaninsa ya ba da amsa, alhali bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Abdullahi ya mayar da amsa cikin waƙa, ya nuna cewa ba a yarda da cakuɗuwa ba, amma barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi girman ɓarna, kuma ƙa'ida ce a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Tun daga wannan amsa aka ga halinsa: yana karanta maganar abokin jayayya da kyau, ya ba shi gaskiyarsa inda yake da ita, sa'an nan ya kawo ƙa'idar da ta warware matsalar.

Yana tare da Shehu a Magami a 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin Idi ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a sakar masa hanyar wa'azi a kuma sauƙaƙa wa talakawa.

Hijira, Jihadi da Zuwansa Kano

A watan Zulƙida na 1218, daidai da Fabrairu 1804, jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi yana cikin na farkon da suka miƙa hannu. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya Sarkin Gobir Yunfa. Shi ne kuma ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805. Ya ga nasara, ya kuma ga ɗacin Tsuntsuwa da Alwasa, inda mahaddata da malamai masu yawa suka yi shahada.

Rashin waɗannan abokai ya dame shi ƙwarai. Ya duba ya ga waɗanda suka maye gurbinsu da yawa hankalinsu ya karkata ga ganima da dawaki da sarauta. A 1222 (1807) ya bar runduna ya nufi Gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen birni suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da hukunci. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya daidaita musu alƙiblar masallaci, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam. A cikin wannan littafi ya shigo da nasihohin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa kimanin shekara 300 kafin nan. Watau ya ɗauko wa Kanawa abin da aka rubuta domin garinsu tun da daɗewa, ya jera shi tare da maganganun fuƙaha'un Malikiyya, ya mayar musu da shi a lokacin da suka fi bukatarsa. Daga Kano ya fasa tafiya ya koma wurin Shehu. An ci Alƙalawa a 1808. Da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, sai ya ba shi yamma, ya ba Muhammadu Bello gabas, Abdullahi ya zauna a Boɗinga.

Ilimomin da Ake Buɗe Littafi da Su

Masu ƙididdiga sun lissafa wa Shehu Abdullahi littattafai fiye da 100. Wanda ya jera su zai ga cewa kashi mai yawa daga cikinsu kayan aiki ne da ya tanadar wa ɗalibi domin ya iya karanta wasu littattafan. A nahawu ya tsara Albaharul Muhiɗ, waƙa mai baiti fiye da 4,000, wadda ya gina a kan Jam'ul Jawami'i na Imam Suyuɗi da sharhinsa. A sarfu ya tsara Alhisnur Rasin, mai baiti kimanin 1,000. A usulu yana da Alfiyyatul Usul. A ilimin hadisi yana da Misbahur Rawi, da Siraju Jami'il Buhari wanda ke gabatar da ɗalibi ga tsarin Sahihul Buhari. A ilimomin Alƙur'ani yana da Miftahut Tafsir, wanda ya tattaro daga Itƙan na Suyuɗi tun kafin hijira, sa'an nan ya taƙaita shi a Sulalatul Miftah.

Dalilin mayar da waɗannan fannoni waƙa sananne ne ga duk wanda ya san halin wancan zamani. Takarda daga ƙasar Italiya ake kawo ta, ta biyo Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, saboda haka tana da tsada. Kowane littafi da hannu ake kwafarsa, kuma babban littafi kan ci watanni. Abin da aka tsara a waƙa yana da sauƙin hadda, ɗalibi ya tafi da shi a ƙirjinsa duk inda ya nufa. Akwai kuma wata fa'ida: ma'auni da amsa-amo suna gadin lafazi. Idan mai kwafi ya tsallake kalma a cikin zube, mai karatu zai iya wucewa bai sani ba, amma idan ya tsallake ta a cikin baiti, karyewar ma'auni za ta tona shi nan take.

Dogaron da ya yi da Suyuɗi ma yana da tushe. Suyuɗi, wanda ya rasu a Misira a 1505, ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas tun yana raye, littattafansa kuma sun daɗe a hannun malaman ƙasar Hausa. Shehu Abdullahi ya ɗauki abin da aka riga aka amince da shi, ya sassaƙa shi daidai da hannun ɗaliban ƙasarsa.

Diya'ut Ta'awil da Hanyarsa ta Tafsiri

Duk waɗannan fannoni sun haɗu a babban aikinsa, Diya'ut Ta'awil fi Ma'anit Tanzil, wanda ya kammala a 1231 (1816). Ya ɗebo daga tafsiran magabata irin su Jalalaini da Baidawi da Hazin da Sa'alabi, da Ahkamul Ƙur'an na Alƙali Ibnul Arabi. Hanyarsa ita ce ya bayyana ma'anar aya bisa zance mafi rinjaye, ya yi i'irabin wurin da ke bukatar i'irabi, ya ambaci ƙira'o'i yana farawa da ta Nafi'u ta ruwayar Warshu domin ita ce karatun mutanen ƙasar nan, ya fitar da hukunci yana gabatar da mazhabar Imam Malik tare da ambaton sauran imamai, ya kuma nuna wuraren balaga.

Misali biyu za su nuna dalilin da ya sa mai tafsiri ba ya wadatuwa da fanni ɗaya. A cikin Fatiha akwai kalmar da Nafi'u ke karantawa ba tare da jan mimun ba, ma'anarta sarki. Asimu da Kisa'i kuwa suna jan ta, ma'anarta mamallaki. Duka biyun karatu ne tabbatattu, kowanne yana ƙara wa ɗayan haske, kuma wanda bai san ƙira'a ba zai ɗauka ɗayansu kure ne. Na biyu, ayar alwala a cikin Suratul Ma'ida. Kalmar ƙafafu a ƙira'ar Nafi'u da fataha take, a ƙira'ar Ibnu Kasir da Abu Amru da Hamza kuwa da kisira. A nahawu, fataha tana mayar da ƙafafu ga gaɓoɓin da ake wankewa, kisira kuma a zahirinta tana haɗa su da kai wanda ake shafa. Nan sai an koma ga hadisi, inda ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana wanke ƙafafunsa, kuma yana shafa a kan huffi, sa'an nan usulu ya nuna yadda ake haɗa karatun biyu ba tare da an jefar da ɗaya ba. Wasali guda ya tara ƙira'a da nahawu da hadisi da usulu da fiƙihu, kuma a kansa ingancin alwalar Musulmi ya rataya.

Bayan kimanin shekara bakwai, da ya ga Diya'u ya yi wa masu farawa nauyi, sai ya rubuta Kifayatu Du'afa'is Sudan, inda ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mashahurin mazhabar Malik kaɗai. Ya san cewa abincin babba yana iya shaƙe yaro, don haka ya dafa wa kowa gwargwadon cikinsa.

Littattafai Biyu na Tarihi

A Boɗinga ya rubuta wasu littattafai biyu ƙanana waɗanda masana tarihi ba su iya wuce su. Na farko shi ne Ida'un Nusukh, a 1227 (1812). A ciki ya lissafa malamansa, da littafin da ya karanta a wurin kowannensu. Wannan ba alfahari ya sa shi ba. A wurin malaman Musulunci, littafi ba ya zama abin dogaro sai an san bakin da aka ji shi, domin rubutun da ba shi da wasali ana iya karanta shi ta fuska fiye da ɗaya, kuma malami ne ke riƙe da karatun da ya inganta. Saboda wannan ɗan littafi ne yau aka san manhajar karatun ƙasar Hausa kafin jihadi, littafi bayan littafi.

Na biyu shi ne Tazyinul Waraƙat, a 1228 (1813). Ya tattara wasu daga cikin waƙoƙinsa na Larabci, ya jera su bisa zamani, ya gabatar da kowace da bayanin wurin da aka yi ta da abin da ya jawo ta. Kamar yadda mai tafsiri ke neman sababin saukar aya kafin ya fassara ta, haka ya ajiye wa na baya sababin kowace waƙa, don kada a fahimce ta a wajen muhallinta. Bai ɓoye abin da ke da ɗaci ba: labarin ɓacin ransa da barinsa runduna yana ciki da alƙalaminsa.

Saɓaninsa da Shehu

'Yan'uwa su sani cewa Shehu Abdullahi ya saɓa wa wansa kuma shehinsa a wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta irin na sarakunan da, da kaɗe-kaɗe, da sanya tufafin ƙawa ga masu mulki. Shi ya fi karkata ga tsanantawa da tsayawa kan zahirin nassi, Shehu kuwa ya fi duban sauƙaƙa wa jama'a a inda malamai suka yi saɓani. Kowannensu ya rubuta hujjarsa, Shehu a Najmul Ikhwan, shi kuma a Diya'us Sulɗan da makamantansa. Makamin kowa a wannan jayayya shi ne naƙali daga littafi da bayanin yadda ya fahimce shi. Wannan bai rage ladabin ƙane ba, bai kuma rage yardar wa ba. A cikin Najmul Ikhwan ɗin ne ma Shehu ya kwaɗaitar da jama'a karanta littattafan Abdullahi, saboda ya fi mayar da hankali ga kiyaye zahirin shari'a.

Tasawwufinsa

Shehu Abdullahi Baƙadire ne, a hannun Shehu Usmanu ya yi tarbiyya. Ya rubuta littattafai a kan gyaran zuciya, daga ciki akwai Minanul Mannan, da Sabilun Najati, da Maɗiyyatuz Zadi ilal Ma'ad, da Tahzibul Insan. Sun ƙunshi tuba da zuhudu da gaskiyar niyya da yaƙi da girman kai da hassada da riya, bisa tafarkin Imam Gazali da malaman Sunna. Alƙalamin da ya tsara baitocin sarfu shi ne ya rubuta waɗannan, kuma a wurinsa aikin iri ɗaya ne. Wanda ya saba tsayawa a kan wasali har sai ya tabbatar da shi, ya saba wa ransa faɗin gaskiya da amincewa da gyara, waɗannan kuwa su ne farkon abin da ake nema ga muridi. Zuhudunsa kuma a aikace aka gan shi, ranar da ya juya wa ganima baya a lokacin da take ƙaruwa.

Zamansa a Gwandu da Rasuwarsa

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a 1232 (1817). Kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya koma Gwandu, aka ɗan sami sanyin zumunci na wasu shekaru. Da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. A nan suka sadu, Abdullahi ya tabbatar wa ɗan wansa da shugabanci, wazirci kuma ya tabbata ga Giɗaɗo ɗan Laima. Dattijo malami ya sauko domin haɗin kan jama'a, alhali shi ne ya ja runduna tun ranar Kwatto.

Sauran shekarunsa ya ƙare su cikin karantarwa da rubutu da kula da ƙasar yamma. Allah Ya yi masa rasuwa a 1245 (1829) yana da shekara kimanin 65, aka rufe shi a Gwandu, inda ake ziyartar hubbarensa. Nana Asma'u 'yar Shehu tana cikin waɗanda suka yi masa marsiyya. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu. Allah Ya ƙara masa yarda.

Littattafansa Bayan Rasuwarsa

Fiye da shekara 100 littattafansa da hannu suka yi ta yawo. Ɗalibi ya fere alƙalami, ya dafa tawada, ya kwafa daga kwafin malaminsa, ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama don kada warƙoƙi su rikice, domin ba a ɗinke su. Sa'an nan a yi muƙabala, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da ido, a gyara kure a gefe. A ƙarshe a sa tadarishi a ɗaure, a saka a gafaka. Zariya tana da babban rabo a wannan hidima, domin tun da can an san ta da nahawu da lugga, ɗalibai na zuwa daga Kano da wasu garuruwa don su ƙware a kansu a zaurukan Birni.

Da zamanin ɗab'i ya zo, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka kuma buga littattafan Larabci da na ajami a garin. An buga Diya'ut Ta'awil a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Baturen nan Mervyn Hiskett ya fitar da Ida'un Nusukh da fassarar Turanci a 1957, sa'an nan Tazyinul Waraƙat a Ibadan a 1963. A 1964 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara shirin binciken tarihin Arewa ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, aka bi gidajen malamai ana tattara rubuce-rubuce ana ɗaukar hotonsu. A Sakkwato kuma Waziri Junaidu ya tara taska mai girma, ya buɗe ta ga masu bincike.

Fitar da tsohon rubutu zuwa bugu aiki ne da ake kira tahaƙiƙi, kuma yana da ramuka. Mai yin sa sai ya tara kwafi da yawa ya gwama, ya gane wanne aka kwafa daga wanne, domin kwafi goma da suka fito daga uwa ɗaya mai kure shaida ɗaya ce. Sai ya san rubutun Magaribi, wanda ke sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a rubutun Gabas ɗigo ɗaya a sama fa'un ne. Wanda bai san haka ba zai juya kalma ta koma wata. Sai ya san ramzi, watau rubuta shekara da haruffa, ya kuma san cewa lissafin Magaribi ya bambanta da na Gabas: shinun a nan 1,000 ne, a can 300, don haka harafi ɗaya na iya kawar da littafi daga zamaninsa da shekara 700. Sai ya san arula don ya gane baitin da ya karye, ya san littattafan da mawallafi ya ɗebo daga cikinsu don ya koma ya duba naƙali, ya kuma rarrabe maganar mawallafi da bayanin gefe da wani ɗalibi ya ƙara, mai kwafi na baya ya shigar da shi ciki. Fannonin da Shehu Abdullahi ya tanada don fahimtar Alƙur'ani da hadisi, su ne dai ake bukata yau don a fitar da nasa littattafan daidai.

Abin da Ya Rage a Wuyan 'Yan'uwa

Har yanzu akwai gafakoki a gidajen malamai a Birni da Tudun Wada da ƙauyukan Zazzau waɗanda ba a buɗe ba tun rasuwar masu su. Gara da danshin damina da gobara ba sa jira, rabon gado kuma yakan raba littafi guda gida uku. Wanda Allah Ya bar wa irin wannan amana ya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da laima, kada ya rikita jerin warƙoƙinta, ya nemi masana su ɗauki hotonta, asali kuma ya zauna a hannunsa. Kwafin da ake rainawa a lungun ɗaki yana iya zama shi ne ke riƙe da lafazin da ya ɓace a sauran.

Haka nan wanda zai buga littafin wuridi ko ƙasida ko salsala domin 'yan'uwa, ya kai wa malami ya duba kafin ya kai maɗaba'a, kuma ya sake dubawa bayan an buga. Kuren da mai kwafin hannu ya yi a littafi ɗaya yake tsayawa, amma na maɗaba'a yana shiga dubban hannuwa, na wayar salula kuwa ya fi haka yaɗuwa, har a wayi gari ana zikiri da lafazin da shehunnai ba su faɗa ba. Matasan zawiyya kuma su haɗa halartar halƙa da zama gaban malami da Ajuruma da Risala, su karɓi littafi daga baki kamar yadda magabata suka karɓa, su riƙe sunan wanda suka karɓa daga gare shi.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Shehu Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da sauran malaman da suka yi wa addini hidima da alƙalami. Allah Ya saka wa marubutan da suka kwafi littattafansu, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba. Allah Ya sanya albarkar Sidi Abdulƙadir a wannan taro, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci. Amin.